Daga tukunyar kunun zaƙi zuwa jinin sikila

Shekaran jiya na leƙa gidanmu na Tudun Wada, na tarar da 'yar yayana a tsakar gida da littafi tana ta haddar darasin sinadaran rayuwa, ido ya yi ja. Sunaye take maimaitawa ba tare da ta san abin da suke nufi ba. Taku uku daga inda take, Goggo na haɗa kunun zaƙi. Ta dama ƙullin gero da tafasasshen ruwa ya yi kauri, ta bar shi ya huce, sannan ta ɗauko niƙaƙƙen ɗanyen dankali ta zuba. Na ce, "Goggo, me ya sa ba a zubawa da zafinsa?" Ta ce, "Ai zafi kashe shi yake yi, kunun ba zai saki ba."

Wallahi amsar da ke cikin littafin yarinyar ke nan. A cikin dankali akwai wani sinadari mai suna amilez, ɗaya daga cikin waɗanda ake kira enzayim. Sitacin gero dogon zare ne na ƙwayoyin sukari a jere, shi kuma amilez ya bi yana daddatse shi, sai kunu ya tsinke ya yi zaƙi kafin safiya. Irinsa ne a cikin yawunmu, shi ya sa in ka daɗe kana tauna gurasa za ka ji ta fara zaƙi. Enzayim kuwa furotin ne, zafi mai yawa na lalata siffarsa, kamar yadda ƙwai in ya dahu ba ya komawa ɗanye.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke koyar da wannan ilimi kamar baƙo daga wata duniya. Zariya ce fa, garin da Jami'ar Ahmadu Bello ta zauna tun 1962, amma yaro zai gama sakandare yana lissafa sitaci, kitse, furotin da DNA, bai taɓa jin wani ya ce masa tuwo, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ake nufi ba.

Furotin shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Duk na jikinmu an gina shi ne da amino asid iri 20, kamar yadda baƙaƙe kaɗan ke haifar da dubban kalmomi. Guda 9 daga ciki jiki ba ya iya ƙera su, sai an ci. Masara tana da ƙarancin biyu, layisin da tiriftofan; wake kuma yana da layisin da yawa. Iyayenmu da ke haɗa shinkafa da wake, ko su jefa daddawa a miyar kuka, cike giɓi suke yi. Ganin wannan giɓin ne ya sa masu binciken noma a Samaru, nan Zariya, suka fitar da irin masara mai ingantaccen furotin.

Amma inda abin ya fi taɓa ni shi ne sikila. Sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, wato himogulobin, yana da wani zare mai amino asid 146. A mai sikila, na shida kaɗai ne ya sauya, balin ya maye gurbin gulutamik asid. Wannan guda ɗayan ne ke sa ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Linus Pauling ne ya nuna a 1949 cewa cutar daga himogulobin take, Vernon Ingram kuma ya gano ainihin wurin canjin a Ingila a shekarun 1950. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar masu ita.

Ina da maƙwabci a Sabon Gari, ɗansa ɗan shekara bakwai. Na sha ganinsa cikin dare, lokacin hunturu, rungume da yaron yana neman mai Keke, yaron na kuka yana riƙe da gwiwa. Dangi sun ce iska ce, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Addu'a dole ce, ban musa ba. Sai dai da wani ya zaunar da iyayen kafin aure ya bayyana musu da Hausa cewa mai jinin AS, wato wanda ya gaji sikila ta ɓangare ɗaya amma ba ya ciwon, in ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai ciwon sikila, da sun yanke shawara da ido buɗe. Kowane ciki fa, ba wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Nan ne mutane da yawa ke kuskure.

Malamanmu, don Allah ku fara darasin daga madafi. Limamanmu, ku tambayi takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure. Ni dai ranar da na leƙa gida na sa 'yar yayana ta dama wani ƙullin irin na Goggo ta raba shi biyu, ta zuba dankali a mai zafi da kuma wanda ya huce. Da safe ta kira ni tun kafin in fito masallaci, ta ce, "Baffa, ɗayan bai saki ba."