Ranar Da Babur Ɗina Ya Yi Kilisa A Ƙofar Gidan Surukai

Tun farko dai ba wanda ya aike ni. Ina da Boxer ɗina lafiyayye, shekara bakwai yana kai ni shago a Sabon Garin Zariya yana mai da ni Tudun Wada, bai taɓa tambayata kilo nawa nake ba. Sai ga wani abokina da muke harkar tayil tare ya diro daga Abuja a kan wani ƙaton babur mai tsayin raƙumi, yara na bin sa da gudu har bakin shago. Daga ranar barci ya ƙaurace wa idona. Bayan wata biyar na rabu da wani ɗan fili, na sayo nawa: BMW R1200GS ƙirar 2014, ɗan Kwatano, injin 1170cc, nauyinsa kilo 238 in an cika tanki.

Wanda ya sayar mini ya ɗora yatsa a kan wani maɓalli a hannun hagu ya ce, "Alhaji, wannan shokozoba ɗin da kwamfuta yake aiki. Kai dai naka danna."

Bai yi ƙarya ba. In kana tafiya ka danna, sai ka zaɓi laushi ko matsakaici ko tauri. In ka tsaya inji na kunne ka riƙe maɓallin, sai zane ya fito a fuskar mita: hular kwano ɗaya, ko hular kwano da akwati, ko hular kwano biyu, wato kai kaɗai, ko kai da kaya, ko kai da goyo. Kana zaune za ka ji bayan babur na ɗagowa a hankali kamar raƙumi zai miƙe. Sati guda na yi ina nuna wa jama'a wannan abu a majalisa, har mai shayinmu ya daina ɗago kai in na fara.

Abin da Jamusawan nan ba su zana ba shi ne hoton tumbi. Ni kuwa kilo 118 ne, kuma ban tara su da wasa ba.

Ranar da na fara ɗaukar uwargida, mun zo wani tudun rage gudu a hanyar Samaru, sai muka ji ƙwam! Bayan babur ya nitse har ƙarshe, babban jak ya karci kwalta, haƙoranmu suka gaisa da juna. Na danna tauri. Na tsaya na sa hular kwano biyu. Tudu na gaba, ƙwam. Ta ce, "Baban yara, wannan shi ne abin da aka sayar da fili dominsa? Ai Boxer bai taɓa dukana ba."

Abokina na Abuja ne ya koya mini awo. Ka ɗora babur a babban jak tayar baya ta bar ƙasa, ka auna daga tsakiyar taya zuwa wani wuri a ƙarƙashin kujera. Ka sauke shi, ka hau, wani ya sake aunawa. Bambancin shi ne nitsewar da nauyinka ya ci. Tayar baya ta wannan babur na da filin motsi na milimita 200, kuma abin da ake so mahayi ya cinye kamar kashi ɗaya cikin uku, sauran a bar wa ramuka. Na ari tef ɗin ɗinkin uwargida, babban ɗana ya yi awo. Ni kaɗai na cinye kusan rabi. Yaron ya sake aunawa don yana zaton ya yi kuskure, sannan ya dube ni da tausayi.

A nan na gane cewa hular kwano biyun nan ba ta ƙara wa sifirin da ke jikin shokozoba ƙarfi. Matsa shi kawai take yi don ta ɗaga babur sama. Sifirin ɗin da bai kai ba, bai kai ba, ko da kwamfutar jirgin sama aka haɗa shi.

Aka ba ni lambar wani ƙwararre a Legas da aikinsa ke nan. Na kira shi da daddare ina tsakar gida, wayar a buɗe don kunnena ɗaya ba ya ji sosai. Ya tambayi nauyina, na faɗa. Ya yi ɗan shiru. Ya tambayi kayan da nake ɗauka. Sannan ya ce, "Oga, madam fa kilo nawa ce?"

Shekara goma sha tara da aure, ban taɓa kusantar wannan tambaya ba. Na rage murya na ce ya lissafa buhun siminti biyu, a cire kwano huɗu. Ashe tana bakin madafa. Kwana uku ina cin tuwo da miyar da ko ƙashi babu a ciki.

Mutumin ya ce zai aiko mini da sifirin mai ƙarfi daidai nauyinmu, amma in turo masa shokozoba ɗin gaba ɗaya ya gyara bawul ɗin ciki. Ya ce sifirin nauyi kawai yake ɗauka, man da ke ciki shi ke hana shi dawowa da gudu, kuma sifirin mai ƙarfi da ƙarfi yake dawowa. Na tambayi kuɗin aikin. Da ya faɗa na ga ragon layya biyu sun wuce ta gabana. Na ce masa ai babur ɗina mai kwamfuta ne, zai daidaita kansa. Ya ce, "To Oga," da irin muryar da likita ke yi wa wanda ya ce zai gwada na gargajiya tukuna. Abu ɗaya ya roƙe ni: kada in bari kowa ya buɗe cikin shokozoba ɗin, don akwai iskar naitirojin a matse a ciki, kusan ninki huɗu na iskar taya.

Sifirin ya iso ta tasha. Na kai wa bakanikena na Boxer, mutumin kirki wanda bai taɓa cewa bai iya wani abu ba tun da na san shi. Ya zagaya babur sau biyu ya ce, "Alhaji, shokozoba ai shokozoba ne, ko na jirgi ne." Awa biyu suka yi shi da yaransa kafin su zaro shi. Da ya ga waya ta fito daga jikinsa, sai ya riƙe ta ya ce, "Wannan kuma ta fitila ce?" A nan ya kamata in ɗauki kayana in tafi. Ban tafi ba.

Irin wannan sifirin da maɗauri na musamman ake matsa shi. Garejin babu. Sai aka kawo jak ɗin mota, aka tokare shi da ƙarfen rumfa, aka ɗaɗɗaure da robar tsohon tub, yaro ɗaya ya taka da ƙafa. Bakanike na cewa "ƙara, ƙara, saura kaɗan," ni kuma ina ja da baya ina karanta abin da ya sawwaƙa. Ban ga tashin sifirin ɗin ba, ƙararsa kawai na ji a kwanon rufi, tau! Kajin maƙwabta suka watse. Da muka buɗe ido yana cikin bokitin wata yarinya mai kunun aya, ita kuma tana tsaye da ludayi a hannu tana kallona. Na sayi bokitin gaba ɗaya. Yaran gareji suka sha, sun ce ɗan warin giris ɗin ba ya hana komai.

Daga ƙarshe mai walda na kusa ne ya haɗa mana maɗauri da dogayen kusoshi biyu da faranti, sabon sifirin ya shiga. Bakanike ya ɗauko galan ɗin baƙin mai ya ce bari ya buɗe ya ƙara masa mai kauri tunda ina son tauri. Wannan karon na riƙe hannunsa da hannu biyu.

Aka mayar, aka jona waya, ɗana ya yi awo: milimita 65. Na ji kamar an ba ni sarauta. A kan kwalta kuwa babur ya zama wani abu dabam, tudun Samaru na wuce shi ba ƙwam. Na kira abokina na ce masa mutanen Legas son kuɗi ne kawai.

Ranar Asabar ƙanwar uwargida na suna a garinsu, can gaba da Soba, inda za ka bar kwalta ka yi kamar kilomita goma sha biyu a kan gargada. Da ƙyar na lallashe ta ta hau. Muka ɗaure kiret biyu na ƙwai da bokitin cincin a baya, ni kuma na sha babbar riga don surukai su san 'yarsu ba ta faɗa hannun banza ba.

Rami na farko da muka faɗa, sifirin ya karɓe mu lafiya lau. Matsalar ita ce bai riƙe abin da ya karɓa ba, nan take ya mayar mana da shi har da riba. Bayan babur ya yi sama, uwargida ta bar kujera, ta dawo, sifirin ya sake cilla ta. Rami ɗaya, tsalle uku. Kafin na ukun ya lafa mun shiga wani ramin. Na danna tauri, abin ya ɗan ragu kamar an ce wa mahaukaci yi haƙuri. Ita kuwa salati take tana dukan bayana daidai da kowane tsalle, har abin ya zama kiɗa. Wani mai amalanken shanu da muka wuce ya ɗaga mana hannu da jinjina, irin wadda ake wa mahaya ranar hawan sallah.

A ƙofar gidan akwai 'yar kunyar ƙasa da suka yi don tare ruwan sama. Dattawa na zaune a kan tabarmi a gindin darbejiya, surukina a tsakiya. Na rage gudu yadda ya kamata, tayar baya ta hau kunyar, babur ya yi harbi irin na jaki. Kiret ɗin ƙwai ya wuce ta saman kaina. Na taka burki na miƙa ƙafa in dafa ƙasa, sai na tuna abin da ban lissafa ba: sabon sifirin ya ɗaga babur, ni kuma Allah bai ba ni tsawo ba. Ƙafata ta yi ta lalube a iska. A hankali, cikin natsuwa, ni da kilo 238 muka kwanta a gaban surukina, babbar riga ta rufe mini fuska. Uwargida dai ta riga ta dire, ta shige gida ko waiwaye babu.

Samari huɗu ne suka ɗaga shi. Surukina, mutum mai kawaici, ya ce, "Sannu Malam. An zo lafiya? Ya hanya?" Na ce lafiya lau, gwaiduwa na bin gemuna.

Wani tsoho a gefe, wanda aka ce ya yi shekaru yana kiwon dawakin hakimi, ya taso ya danna kujerar da tafin hannu ya saki. Babur ya yi sama, ya yi ƙasa, ya sake yin sama. Ya tambaye ni me na yi masa. Na faɗa masa a taƙaice. Ya gyaɗa kai ya ce, "Yaro, ka ƙara wa doki dawa, ba ka sake masa linzami ba." Maganar da mutumin Legas ya yi mini ke nan, sai dai shi tsohon bai nemi ko sisi ba, ƙwai talatin da wani abu kawai ta ci.

Uwargida a motar haya ta dawo.

Litinin na sa aka zaro shokozoba ɗin, na naɗe shi a tsohon bargo na kai tasha. Mutumin Legas bai ce "ai na faɗa maka" ba, wanda ya fi zafi. Hoton bidiyo ya turo mini yana aikin. Ya fara sace iskar, ya zubar da man, baƙi ƙirin kamar ruwan kwata, ga alama tun daga masana'anta ba a taɓa canza shi ba. Ya zaro fistin, ga wasu 'yan faya-fayen ƙarfe sirara kamar reza an jera su a kansa, babba a ƙasa ƙanana a sama. In shokozoba ya motsa, mai ne ke tura su su lanƙwashe ya wuce. Jeri ɗaya na riƙe nitsewa, ɗaya na riƙe dawowa. Ya ƙara wa na dawowar kauri. Shi bawul ɗin lantarkin da maɓallin nan ke sarrafawa, wanda nake taƙama da shi, ashe ƙarawa da ragewa kawai yake yi a cikin iyakar da waɗannan faya-fayen suka shata masa. Watanni ina danna maɓalli ina jin ni ne direban jirgi, ashe reza goma sha wani abu ke mulki.

Ya zuba sabon mai, ya canza sil, ya cika naitirojin, ya maido. Da aka ɗaura, abokina ya zo da 'yar na'urarsa GS-911 ya jona, aka sake koya wa kwamfutar tsayin babur, don na'urorin da ke auna motsin taya sai an nuna musu inda sama take da inda ƙasa take. Na koma hanyar Soba ni kaɗai. Rami ɗaya, nitsewa ɗaya, dawowa ɗaya, shi ke nan. Har sai da na tsaya a gefen hanya na yi hamdala.

Wata biyu na mori abina. Sai jiri ya fara ɗibata a shago, likita ya auna ya ce hawan jini ne da sukari na leƙowa, ya raba ni da tuwon dare da lemon kwalba da kitsen balangu. Uwargida ta karɓi aikin nan da wani irin ƙwazo da nake zargin yana da alaƙa da buhun siminti. Zuwa bayan azumi na zubar da kilo 19.

Yanzu in na hau, sifirin ko gezau. Nitsewar ba ta kai yadda ake so ba, kowane ɗan dutse sai na ji shi a ƙashin bayana, yatsun ƙafata kawai ke taɓa ƙasa. Na kira Legas. Ya ce ba matsala, sai a sa sifirin mai ɗan laushi, a sake jera faya-fayen. Na tambayi kuɗi, ragunan nan biyu suka sake wucewa, sun ƙara ƙiba. Na roƙi uwargida ta riƙa raka ni shago don a cike gibin, ta ce ko a mafarki ta ga babur ɗin sai ta yi sadaka.

Shi ya sa kuke ganina da buhun shinkafa mai kilo 25 ɗaure a baya kullum, safe da yamma, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari. Jiya mutum uku suka tare ni a Kwangila suna tambaya ko kansila zan fito, kuma yaushe za a fara rabo.