Ba Kowane Jemage ne Ɓarawon Mangwaro ba

A ƙauyukanmu na Jigawa, da an ga jemage sai a ce maɓarnacin mangwaro ne. Ƙananan nan da ke shawagi bayan magariba kuwa ƙwari suke ci, har da asu da sauro.

Kuma ba ko'ina suke zama ba. Fili fetal bai cika riƙe su ba. Sun fi taruwa a bakin kududdufi da fadamun Hadeja, inda ƙwari ke tashi daga ruwa, su bi jerin itatuwan gefen gona suna farauta. Da rana kuma sai kogon tsohuwar kuka ko ƙarƙashin rufin kwano.

Shi ya sa sare tsofaffin kukoki ke damuna ƙwarai, domin makwancinsu ake rushewa.