Lamba ɗaya a takardar gwaji ba hukunci ba ce

Wanda ya ɗauki hoton takardar gwajin jinin baiwar Allahn nan ya watsa a guruf bai kyauta ba, amma ba shi ya fi ɓata min rai ba. Waɗanda suka taru a ƙasan hoton ne. Mace kansar ƙwan haihuwa ta dawo mata, an sake ɗora ta a kan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ta karɓi zagayen farko, aka ɗebi jini aka ga CA-125, awon da ake bibiyar ciwon da shi, ya haura na baya. Kafin la'asar an gama shari'a: maganin asibiti ya gaza, a cire ta, a kai ta wurin wani mai sassaƙe da ya warkar da ƙanwar matar wan wani. Har da mai rubuta "sai haƙuri" da ɗan hoton hawaye, alhali matar tana cikin guruf ɗin tana karantawa.

Sannunku da aiki, manyan farfesoshi. Likitan da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan ciwon daji ba ya yarda ya yanke magana da lamba ɗaya, amma ku da data ta naira ɗari biyu kun hango ƙarshen lamarin.

Lamba ɗaya ba hukunci ba ce. CA-125 wani sinadari ne da ake aunawa a jini, an gano shi tun 1981, kuma ana ɗaukar 35 a matsayin iyakar lafiya. Ƙwayoyin kansa suna fitar da shi, gaskiya ne, amma ba su kaɗai ba. Ƙarin mahaifa yana ɗaga shi. Jinin al'ada yana ɗaga shi, juna biyu ma haka. Ruwan da ke taruwa a ciki, ciwon hanta da ya yi nisa, tarin fuka idan ya sauka cikin ciki, duk suna iya harba shi sama ba tare da kansar ta motsa ko taku ɗaya ba. Wa ya tambayi matar nan ko cikinta ya tara ruwa a makon? Babu. Lamba kawai aka gani aka hau kuka.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, tashin lamba a farkon kemo abu ne sananne. Idan aka fara shara, ƙura ce take fara tashi, ba wanda zai ce ɗakin ƙazanta yake ƙarawa. Bayanin da likitoci suka fi bayarwa shi ne magani yana fasa ƙwayoyin cutar, abin da ke cikinsu ya zube cikin jini, sai lamba ta yi tsalle kafin ta fara sauka. An ga haka a matan da ake ba wani maganin kemo mai suna Doxil saboda kansar ƙwan haihuwa da ta dawo: wasu lambarsu ta tashi a zagaye na ɗaya da na biyu, daga baya magani ya karɓe su. An gani a CEA, irin wannan awon jinin da ake yi wa masu kansar hanji. A kansar mama, ƙa'idar ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka ta ja kunne cewa a yi hattara da tashin awon jininta, CA 15-3, a makonni 4 zuwa 6 na farkon sabon magani. Mazan da ke fama da kansar furostet kuwa, ba a son a tsayar musu da kemo a makonni 12 na farko don kawai awon jininsu, PSA, ya ɗaga. Wato abin da kuka kira gazawar magani yana iya zama alamar magani ya fara ci.

Na san wani zai ce, to in lambar ba ta da amfani me ya sa ake karɓar kuɗinmu ana auna ta? Ban ce ba ta da amfani ba, a bar sa min magana a baki. Amfaninta yana cikin jerinta: ta wancan wata, ta wannan, ta mai zuwa, a ga inda ta dosa. Ko masu binciken kansar mata da suka tsara yadda ake karanta CA-125 ba su yarda da awo ɗaya ba. Kafin su ce magani ya yi aiki, sai lamba ta faɗi da rabi kuma ta zauna a haka kwana 28. Kafin su ce ciwo ya ci gaba, sai ta ninka, kuma a sake aunawa bayan aƙalla mako guda a tabbatar. Sannan a lab ɗaya. Wannan ɗabi'a tamu ta yau a auna a nan, gobe a ruga wani wuri saboda ya fi araha, sai a jera takardu biyu ana kwatantawa, ita ma tana haddasa tashin hankalin banza, domin injina da sinadaran awo sun bambanta.

Wani kuma zai ce ai gara a gane da wuri a canza magani da wuri. Ya yi daɗin ji. Amma an gwada. A 2010 mujallar Lancet ta buga wani babban bincike da aka yi a Birtaniya da wasu ƙasashe, kan matan da suka gama maganin kansar ƙwan haihuwa. Kashi ɗaya aka fara musu kemo da zarar CA-125 ya tashi, ɗaya kashin aka jira sai alamun ciwon sun bayyana. Na farkon sun riga shiga magani da kusan wata biyar, amma ba su fi sauran tsawon rai ba, sai dai sun riga su shiga wahalar magani. Bin lamba ido rufe bai ƙara wa kowa kwana ba.

Ba cewa nake matar nan ta warke ba. Wallahi ba zan yaudare ta ba, kuma ba na son kowa ya yaudare ta. Zai yiwu lambar ta ci gaba da hawa, hoton siti sikan ya nuna ƙarin ya girma, likita ya ce a sauya magani. Wannan yana faruwa, kuma ciwon da ya dawo ba wasa ba ne. Amma wanda zai faɗi haka shi ne wanda ya taɓa cikinta da hannunsa, ya tambaye ta ko tana iya cin abinci, ko ciwon ya lafa, ko numfashi ya daidaita, ya ɗora hoton yau a kan na watannin baya. Mutum ake yi wa magani, ba takarda ba. Na zauna a layin masu jiran sakamako, na ga yadda mace take riƙe ambulan ɗin nan a cinya ta kasa buɗewa, hannu yana rawa, tana ta salati a hankali. Irin wannan ce kuka tura wa hoton hawaye.

Yar'uwa, idan kina karanta wannan, kada ki fasa zagayenki na gaba saboda maganar guruf. Ki tafi da takardar, ki tambayi likitanki kai tsaye: wannan tashin me yake nufi a wurina, yaushe za a sake aunawa, yaushe za a yi hoto? Haƙƙinki ne ki tambaya. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.

Tunda ma na ɗauko maganar, masu zuwa dubiya: don Allah mai mura ko tari ya zauna a gida ya buga waya. Kwana 7 zuwa 14 bayan kemo garkuwar jiki takan faɗi ƙasa warwas, zazzaɓin da ku za ku sha farasitamol ku wuce, ita yana iya kwantar da ita a gadon asibiti. Amma sai a cika ɗaki maƙil, a rufe taga, wannan ta miƙa mata jariri mai majina, waccan ta fesa turare har amai ya taso mata, a zauna tun hantsi har magariba ana labarin wance da ita ma irin ciwon ne ya kashe ta. Kuma a tashi ba wanda ya tambayi mijin ko akwai kuɗin allurar wata mai zuwa.