Roba ce, ko me aka rubuta a wuyan rigar

Tun jiya da na sa hoton zaren da na ƙona daga rigar da aka sayar wa ƙanina da sunan yadin gora (wato icen bambu) mutane ke ta biyo ni ta bayan fage, wai na cika zafin kai, wai yaron shagon ma bai san komai ba, wai me ya kai ni ƙona rigar dubu 22. To ni ban ƙona riga ba. Zare ƙwaya ɗaya na zaro daga cikin kalmasar ƙasa na kyasta masa ashana, kuma kun ga abin da ya faru da idonku. Ya nannaɗe, ya narke, ya dunƙule ya zama wani ɗan baƙin abu mai tauri kamar ƙwayar dawa, warin leda ya cika ɗakin har Umma ta leƙo tana tambayar wa ke ƙona bola. Auduga ba ta yin haka. Auduga in ta ci wuta warin takarda take yi, ta bar toka mai laushi da za ka murje da yatsa ta bi iska. Abin da aka sayar wa ƙanina roba ce, kuma ba zan daina faɗi ba.

Ƙanin nan nawa wata biyu yana tara kuɗin da yake samu a gyaran waya don ya sayi shat ɗin da zai sa ranar da zai je neman aiki. Aka ce masa sabon yayi ne, yadin gora ne, yana shan iska, ba ya riƙe zufa, ya fi auduga. Ya sa ya hau Adaidaita Sahu daga Kurna zuwa Zoo Road da tsakar rana a wannan watan da zafin Kano ke haura digiri 40, kafin ya isa rigar ta manne masa a baya kamar an liƙa da gam. Da daddare ya cire ya nuna min, wuyansa da hammatarsa duk ƙurajen zafi sun feso jawur. Wallahi abin ya taɓa ni, don na san yadda ya ji da ya shiga ofishin mutane yana jin warin jikinsa da kansa.

Masu cewa ai akwai yadin gora na gaskiya, na sani akwai. Amma da na gaskiyar ne da zaren bai narke ba, da shi ma warin takarda zai yi. Kuma ko na gaskiyar, ba wai an tsaga gora an kaɗa zare ba ne, niƙa ta ake yi a narkar da ita da magunguna masu ƙarfi irin su soda sannan a matso zare, abin da ake kira biskos ke nan. A Amurka ma hukumar da ke kula da harkar ciniki ta sa an ci tarar Walmart da Kohl's miliyoyin daloli a 2022 saboda sun sayar da irin wannan yadin da sunan gora zalla. Can ke nan da ake da mai sa ido. Mu nan ko biskos ɗin ma ba a ba mu ba, foliyesta ce aka ɗinka, wadda asalinta ɗanyen mai ne, uwarsu ɗaya da gorar ruwan da muke sha mu yar a kwata, sai aka liƙa mata takarda mai hoton koren ganye. Roba ce.

Wani ya ce min ai ba ta yamutsewa, ba sai an yi guga ba, ga wuta babu. Leda ma ba ta son guga, za ka sa ta? Wani kuma ya ce 'yan ƙwallo ai ita suke sawa. Ɗan ƙwallo minti 90 yake yi da jesi ya cire a wanke masa, ba ya zama da ita a shago tun safe har isha'i, ba ya shiga sahun Juma'a da ita kafaɗa da kafaɗa da bayin Allah. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai jesi a motar haya ya san maganar da nake yi, irin wannan yadin yana riƙe maiƙon jiki, ko an wanke warin ba ya fita duka. Masu cewa yayi ne kuwa ba ni da lokacinsu.

Ni ba na faɗa da ƙananan kaya, kar wani ya juya min magana. Ina sa tishat, ina sa shat mai gajeren hannu, kuma na san ba kowa ke iya ɗinka shadda kullum ba. Faɗana da ƙaryar ne. Ka ce min roba ce dubu 5, in na ga dama in saya don damina. Amma kar ka canza mata suna ka ninka kuɗi sau huɗu ka kalli idon yaro ka rantse. Tsakani da Allah gara ya shiga Ƙofar Wambai ya zaɓi gwanjo mai auduga zalla, ko ya je Kantin Kwari ya yanki yadi biyu na lilin ko farar auduga ya kai wa tela, ko da za ta yamutse jikinsa zai sha iska.

Abin da ya fi ci min rai shi ne mu ne fa masu audugar. Funtuwa, Gusau, Malumfashi, duk ƙasar auduga ce. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a Kaduna tun 1957, Kakuri ta cika da masaƙu, UNTL da Arewa da sauransu, dubban magidanta na ci daga nan. Yau akasarinsu sun zama kufai, rashin wuta da kayan fasa-ƙwauri sun gama da su, mun koma jiran kwantena ta kawo mana leda mu sa a jiki a ƙasar da rana ke dafa ƙwai. Marinar Ƙofar Mata tana nan har yanzu, amma baƙi masu ɗaukar hoto sun fi mu sanin hanyarta.

Af, maganar zaren nan ta sa Umma ta ɗauko min mazarin Kaka daga ƙasan adaka jiya da daddare, har da guntun allin da take shafa wa yatsa in za ta yi kaɗi. Ta ce da shi Kaka ta kaɗa zaren gwadon da aka kai ta ɗaki da shi. Na gwada murzawa ya ƙi tsayuwa sam, zaren sai tsinkewa yake. In akwai wanda ya san wata tsohuwa a cikin gari da har yanzu take kaɗi, don Allah ya yi min magana, ina so in kai 'yata ta gani ranar Asabar.