Hukuncin Blizzard kan ɗan wasan Hong Kong: tsoron rasa kasuwa ya fi doka ƙarfi

A ranar 6 ga Oktoban 2019, wani matashi ɗan Hong Kong, yankin da ke ƙarƙashin ikon ƙasar Sin, mai suna Ng Wai Chung, wanda aka fi sani da Blitzchung, ya yi nasara a karawarsa ta gasar Hearthstone, wasan kati na intanet mallakar kamfanin Blizzard na Amurka. Da aka zo hira da shi kai tsaye a tashar gasar ta Taiwan, sai ya bayyana sanye da irin takunkumin da masu zanga-zangar garinsu ke kare kansu da shi daga hayaƙi mai sa hawaye, ya furta takensu na neman a 'yantar da Hong Kong. Maganar ba ta wuce jimla ɗaya ba. Bayan kwana biyu kamfanin ya dakatar da shi na shekara guda, ya hana shi kuɗin da ya ci a kakar wasan, kimanin dala 10,000, ya kuma raba gari da masu gabatarwa biyu da suka yi hirar, alhali su ɓoye kawunansu suka yi a bayan tebur lokacin da yake maganar.

Hujjar kamfanin ita ce ɗan wasan ya karya ƙa'idar gasa, kuma ba zan ce hujjar wofi ce ba, domin mai shirya gasa yana da ikon cewa dandalinsa na wasa ne, ba na gangamin siyasa ba. Sai dai ƙa'idar da aka dogara da ita ta hana duk abin da kamfanin, bisa ganin damarsa, ya ɗauka zai ɓata wa wani ɓangare na jama'a rai ko ya zubar masa da ƙima, kuma doka mai faɗi haka takan nuna halin mai riƙe da ita ne kawai. A cikin makon, wasu ɗalibai uku na wata jami'a a Washington suka ɗaga kwali mai goyon bayan Hong Kong a gasar jami'o'i ta wannan wasan, aka kwashe kwanaki ba a ce musu uffan ba, sai da surutu ya yi yawa aka dakatar da su. A can ƙasar Sin kuwa, shafin Hearthstone na dandalin Weibo ya yi tir da abin da ya faru, ya yi alkawarin kare martabar ƙasa. Wanda ke da'awar ba ruwansa da siyasa ba ya yin irin wannan magana.

Dalilin wannan gaggawa yana cikin yadda kasuwar wasanni ta Sin take aiki. Kamfanin waje ba ya sayar da wasansa can da kansa. Dole ya nemi abokin hulɗa na cikin gida, kuma kowane wasa sai ya samu lambar izini daga hukuma. A shekarar 2018 hukuma ta daina ba da wannan izini har kusan wata tara, kowa ya ji a jikinsa. Blizzard tana hulɗa da kamfanin NetEase na Sin tun 2008, Tencent kuma, wani kamfanin Sin ɗin, a lokacin yana da kusan kashi 5 cikin ɗari na hannun jarin uwar kamfanin, Activision Blizzard. A watan Fabrairun 2019, wasan Devotion na wani ƙaramin kamfani a Taiwan ya ɓace daga kasuwar Steam bayan an gano wani rubutu a cikinsa mai yi wa Shugaba Xi Jinping ba'a, daga baya kuma aka ƙwace lasisin kamfanin da ke tallata shi a Sin. Kwana biyu kafin hirar Blitzchung, saƙo ɗaya na goyon bayan masu zanga-zangar Hong Kong da Daryl Morey na ƙungiyar ƙwallon kwando ta Houston Rockets ya wallafa ya jefa gasar NBA cikin rikici da Beijing. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A ganina babu buƙatar wani jami'i ya ɗaga waya ya ba da umarni, kuma nan ne haɗarin yake, domin takunkumin da kamfani ya ɗaura wa kansa tun kafin a nema ba ya barin takardar da za a kama shi da ita.

Waɗanda suka fi burge ni a cikin lamarin su ne ma'aikatan kamfanin. A harabar hedikwatarsa da ke Irvine a jihar Kalifoniya akwai mutum-mutumin wani dodon yaƙi bisa kerkeci, kewaye da alluna masu ɗauke da aƙidun kamfanin. Wasu ma'aikata suka rufe biyu daga ciki da takarda, wato wanda ke cewa kowace murya tana da muhimmanci da wanda ke kira da a yi tunani irin na duniya baki ɗaya, sannan wasu suka fice daga ofisoshinsu suka taru a wurin riƙe da lema, alamar zanga-zangar Hong Kong tun 2014. Ba su da yawa, a lokacin ba su da ƙungiyar ƙwadago da za ta tsaya musu, kuma sana'a ce da masu neman shigarta suka fi guraben yawa. Ɗan wasan da ya goge asusunsa don fushi ya rasa nishaɗi ne kawai, ɗan majalisar da ya yi suka ƙarin suna ya samu, amma ma'aikaci abincinsa ya ɗora a kan faifai. Ƙari a kan haka, ba da wata aƙida ta waje suka ƙalubalanci shugabanninsu ba. Kalaman da kamfanin ya rubuta da hannunsa suka tuna masa, kuma babu sashen hulɗa da jama'a da zai iya kiran wannan sharrin maƙiya.

Duk da haka ba zan yaudari kaina in ce lemar ma'aikata ce ta juya kamfanin ba. Kiran ƙaurace wa wasanninsa ya bazu a Amurka da Turai, fitaccen mai sharhi Brian Kibler ya janye daga gabatar da gasar, reshen Mitsubishi na Taiwan ya janye tallafinsa. Cikin ƙasa da mako guda shugaban Blizzard, J. Allen Brack, ya rage dakatarwar zuwa wata shida, ya mayar da kuɗin, yana mai cewa hulɗar kamfanin da Sin ba ta da hannu a hukuncin. 'Yan majalisa biyar, ciki har da Marco Rubio da Alexandria Ocasio-Cortez waɗanda ba kasafai suke shan inuwa ɗaya ba, suka rubuta wasiƙa suna neman a soke hukuncin gaba ɗaya. A BlizzCon, babban taron kamfanin da masoya wasanninsa, ranar 1 ga Nuwamba Brack ya nemi afuwa, amma bai ɗage sauran dakatarwar ba. Abin da na gani shi ne kamfani ya auna kasuwa biyu a sikeli, ya tsaya inda asarar ta fi sauƙi.

Masu kare kamfanoni sukan ce kowace ƙasa tana da dokokinta, kuma gaskiya ne. Jamus ta daɗe tana hana alamun 'yan Nazi a wasanni kafin ta sassauta a 2018, Sin kuma ta sa an rufe ƙasusuwan ƙwarangwal da tsoka a World of Warcraft, wani wasan na Blizzard. Gyara kaya don ya shiga wata ƙasa ciniki ne da aka saba. Abin da ba a saba ba shi ne a ɗauki ma'aunin wata gwamnati a auna wanda ba ya ƙarƙashinta, kamar yadda Ubisoft, wani kamfanin wasanni, ta so yi a 2018 da ta shirya cire hotunan ƙoƙon kai da na'urorin caca daga Rainbow Six Siege ga kowa da kowa, kafin fushin 'yan wasa ya sa ta fasa. A ranar da Blitzchung ya yi magana, babu wata kotu da ta haramta kalamansa a Hong Kong, balle a Taiwan inda ake watsa hirar. Kamfanin Amurka ya riga doka hukunta shi, domin dokar tsaron ƙasa da Sin ta kafa wa Hong Kong ba ta zo ba sai 30 ga Yunin 2020, kuma a 2021 ne aka ɗaure wani mai zanga-zanga mai suna Tong Ying-kit shekara tara a shari'ar farko ƙarƙashinta, shari'ar da tutar da ke ɗauke da wannan taken ta zama jigonta.

Ma'aikatan sun sake fita a watan Yulin 2021, wannan karon ɗaruruwansu, bayan jihar Kalifoniya ta kai kamfanin ƙara kan zargin wariya da cin zarafin mata, kuma cikin 'yan kwanaki Brack ya bar kujerarsa. Kasuwar da aka yi duk wannan taka-tsantsan dominta kuwa, a watan Janairun 2023 ta kuɓuce, lokacin da yarjejeniya da NetEase ta ƙare ba tare da an daidaita ba, aka rufe Hearthstone da World of Warcraft a Sin. Sai a Afrilun 2024, bayan Microsoft ta sayi kamfanin, aka sanar da sabuwar yarjejeniya da NetEase ɗin dai.