Ajuji ba sunan zagi ba ne

A unguwannin Hausawa na Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, wani lokaci za ka ga takardar haihuwa ɗauke da sunan Ajuji a matsayin sunan gida. Wasu da sun ji sai su ce ai zagi ne, ko kuma zuri'ar bayi ce. Ba haka ba ne.

Sunan ya fito daga al'adar wabi. Idan mace tana haihuwa 'ya'yan suna mutuwa tun suna jarirai, sai tsofaffi su ɗauki sabon jaririn su kai shi kan juji su ajiye, kamar ba a so, sannan wata dattijuwa ta ɗauko shi ta dawo da shi gida. Manufar ita ce a nuna wa mutuwa cewa wannan ba abin kirki ba ne, ta bar shi. Sunaye irin su Barau da Ayashe duk daga wannan tsoron suka fito. Yaron yana da sunan yanka na Musulunci, amma laƙabin ya danne shi.

To yaya laƙabi ya zama sunan gida? Bahaushe da sunan uba yake amfani, ba da na dangi ba. Tsarin rajista irin na Faransa ne ya nemi suna guda da zai bi zuri'a, sai ma'aikacin ya rubuta sunan da aka san kakan da shi a gari, jikoki kuma suka gada.