Ibada a makarantun gwamnati: a ba ɗalibi dama, kada a tilasta masa

Duk sa'ad da rigimar addini ta tashi a makarantar gwamnati, kowane ɓangare sai ya ce shi aka danne. A ganina doka ta riga ta raba gardama, aiki da ita ne ba a yi. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa damar yin ibadarsa, shi kaɗai ko cikin jama'a. Ƙaramin sashe na 2 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin addini ko ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Sashe na 10 kuma ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata.

A kan wannan Kotun Ƙoli ta tsaya ranar 17 ga Yuni 2022, lokacin da alƙalai biyar cikin bakwai suka ce ɗalibai mata na iya sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Kafin nan, a 2021, sai da gwamnatin Kwara ta rufe makarantu goma a Ilorin saboda irin wannan takaddama.

Amma yawancin matsalar ba ta kai kotu ba, a jadawalin darasi take. Shugaban makaranta ya sa hutun minti ashirin zuwa talatin daidai lokacin Azahar, kada ya ci karo da gwaji. A tanadi tanki da butoci a waje biyu, na maza da na mata, domin famfo ɗaya ga ɗaruruwan yara na nufin rabinsu za su koma aji ba su yi alwala ba, malami kuma ya hukunta su kan makara. Ranar Juma'a a tashi da wuri yadda mai nisa zai riski huɗuba. Idan an ba 'yan MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ɗaki, a ba 'yan FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista, nasu, da sharaɗi iri ɗaya a rubuce, ko da su goma ne kacal a makarantar.

Inda aka fi kuskure shi ne taron safe. Malami ya tsaya da bulala, ya ja addu'ar addini ɗaya, kowa ya amsa ko yana so ko ba ya so. Wannan tilas ne, ko a Kano aka yi wa ɗan Kirista, ko a Inugu aka yi wa ɗan Musulmi. Mafita ita ce a raba yaran minti biyar kowa ya yi tasa, sannan a haɗu don sanarwa. Kada a kira suna a wurin ibada, kada kuma halarta ta shiga makin jarrabawa.

Iyayen da aka tauye haƙƙin ɗansu su fara da takarda zuwa ga shugaban makaranta, su ambaci sashe na 38, su riƙe kwafi. In ba a saurare su ba, su kai ga ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) da ma'aikatar ilimi ta jiha, kafin a kai ga lauya.